Cuta Kan Cuta: Abin da Ya Faru da Zomayen Jejin Ostireliya

Yawancinmu mun ɗauka kowace cuta tana aikinta ita kaɗai. Labarin zomayen jeji a ƙasar Ostireliya ya nuna mana ba haka abin yake ba.

A shekarar 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye kaɗan a gonarsa a jihar Biktoriya. Suka hayayyafa har suka zama annoba, suna cinye amfanin gona da ciyawar tumaki. A 1950 hukuma ta saki ƙwayar cutar miksomatosis don ta rage su. Sauro da ƙuma ne ke yaɗa ta, tana kumbura idanu da fuskar zomo. Da farko ta kashe kusan duk wanda ta kama, amma daga baya ƙarfinta ya ragu, zomayen kuma suka fara jure mata.

A 1995 wata cutar ta daban, cutar zubar jini ta zomaye, ta kuɓuce daga tsibirin Wardang inda ake gwajinta. Ita hanta take lalatawa, zomo ya mutu cikin kwana biyu ko uku.

Da cututtukan biyu suka haɗu, masana sun lura da abu biyu. Na ɗaya, binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa zomon da ya warke daga miksomatosis ya fi saurin mutuwa idan cutar zubar jini ta zo. Na biyu, a wurare masu sanyi da danshi cutar zubar jini ba ta yi kisa sosai ba. A 2009 aka bayyana wata 'yar'uwarta marar lahani da ke zaune a hanjin zomayen wuraren, tana ba su ɗan kariya. Ke nan wata cuta kan buɗe wa wata ƙofa, wata kuma ta tare ta.

Me ya shafe mu? A 2020 cutar zubar jini ta ɓulla a gidajen kiwon zomo a Nijeriya. Ba ta kama mutum, amma tana iya share akurki kaf. Don haka mu ware sabon zomo aƙalla mako biyu kafin mu haɗa shi da sauran. Wanda ya warke daga ciwo ma mu ci gaba da sa masa ido. Wanda ya mutu mu binne shi da zurfi, mu wanke akurkin, mu sanar da malamin dabbobi. Rigakafi ya fi magani.