Cinikin Magani a Keffi: Arhar da Kan Ci Jari, ta Ci Rai

KEFFI — A yawancin gidajen wannan gari, idan zazzaɓi ya kama yaro da dare, kantin kemis na unguwa shi ne wurin da maigida kan fara zuwa. Ko da yake akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Keffi, kuɗin kati da na gwaji da dogon layi kan sa talaka ya gwammace ya faɗa wa mai kanti abin da ke damun ɗansa, a ƙulla masa magani na gwargwadon abin da ke aljihunsa. Saboda haka lafiyar iyali da yawa ta rataya ne a kan inda mai kantin ya saro kayansa.

Ciniki ne mai kasuwa. Keffi na kan babbar hanyar Abuja zuwa Akwanga, kimanin kilomita 50 daga babban birnin tarayya, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, ga kuma mutanen ƙauyukan kewaye da ke shigowa sayayya. Amma tun daga 1993, lokacin da dokar soja mai lamba 15 ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, ake fama da jabun magani a wannan sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuwa bai kai inganci ba.

Idan za a iya tunawa, a 1990 yara 109 suka rasu a Ibadan da Jos bayan an ba su farasitamol na ruwa, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jos. A lokacin Keffi na cikin Jihar Filato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Bincike ya nuna an haɗa maganin da dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi da ake amfani da shi a masana'antu, wanda ya yi kama da ruwan haɗa magani na gaskiya, ya kuma fi shi arha, amma yana kashe ƙoda. Gubar nan ce ta sake ɓulla a 2008 cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, inda yara 84 suka mutu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin 2 shekara 7 kowanne. Duk waɗannan yara an ba su maganin ne da nufin neman sauƙi.

Tsadar rayuwa ta ƙara buɗe wa 'yan jabu ƙofa. Akasarin magungunan da ake sha a Nijeriya, da sinadaran haɗa su, daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin. Da darajar Naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar a watan Agusta cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar, sai farashin magunguna da dama ya ninka. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin ɗage harajin kwastan daga kayan haɗa magani. Duk da haka, maigidan da kuɗinsa bai kai ba yakan sayi rabin adadin da ya kamata, ko ya koma wajen mai talla a tasha, wanda kayansa ke wuni a faranti cikin rana, alhali yawancin magunguna ba a so zafin ma'ajiyarsu ya wuce digiri 30.

Ga ɗan kasuwa, doka a fili take. Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta haramta tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai sayar da jabu. Lasisin mai kemis, wanda Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ke bayarwa, bai ba shi iznin yin allura ko sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Hukuma kuwa ta fara aiki da cikawa: a watan Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari ta Kano, aka umurci masu su da su koma sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro. A 2025 samamen ya kai manyan kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota ta Legas. Wanda ya saba sari ba rasit, rana ɗaya jarinsa kan tafi.

Mai saye ma yana da nasa aikin. Ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, kada ya karɓi ƙwayar da aka ɓare aka ƙulla a leda. Tun 2010 ana liƙa wa wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, wata lamba da ake kankarewa a tura ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo nan take ko na gaskiya ne. Yaron da ya rage fitsari ko ya daina bayan shan maganin ruwa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Hausawa na cewa arha ba ta ado. A gari irin Keffi, inda mai kanti da mai saye suka san juna, suke haɗuwa a wurin suna da jana'iza, amana ita ce babban jarin mai kemis. Wanda ya sari kayansa daga dillali mai rajista, ya adana rasit, ya kuma tura mara lafiyar da ya fi ƙarfinsa asibiti, ribarsa za ta yi kaɗan a kan kowane kwali, amma shi ne kantinsa zai daɗe a buɗe.