Gansakukar Teku: A Duba Kafin A Sara

Gansakukar teku, wadda masu talla ke kira sea moss, ta shiga jerin kayan ƙarin lafiya da ake tallatawa a Accra, damammiya a kwalba ko a ƙwaya. Kafin ɗan kasuwa ya tashi daga Nima ko Maamobi da ita ya nufi Aflao ko Paga, ga abin lura.

Tsiro ne na ruwan gishiri, wanda matan Zanzibar ke nomawa tun 1989. Yana da sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Sai dai maikirogiram 150 kacal babba ke buƙata a rana, kuma gishiri mai aidin yana wadatarwa. In aidin ya yi yawa, shi ma yana iya jawo maƙoƙon. Tsiron yana kuma tsotsar dalma daga gurɓataccen ruwa. Batun sinadarai 92 da maganin rashin haihuwa kuwa, binciken likitoci bai tabbatar ba.

Damammiyar tana lalacewa in babu firji, balle a doguwar tafiya cikin zafi. Don haka a duba lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana kafin a biya. Mai ciki ko mai maƙoƙo, a shawarce su su fara ganin likita.