JIRGIN YAƘI ASHANTI DA RAKIYAR AYARI A CIKIN TEKU

Zamanin da fataken Sakkwato da na Jega ke tafiya Gwanja sayen goro, ba wanda ke kama hanya shi kaɗai, kome jaruntakarsa. Sai an haɗa ayari, an sa madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, kana a haye Kwara a ratsa ƙasar Bargu, inda 'yan fashi ke kwanto, har a sauka Salaga. Wanda jakinsa ya gaza ya tsaya baya, shi ne rabon ɓarayi. To, wannan dabara ta kakanninmu ita ce Ingilishi suka tsira da ita a cikin teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. Labarin da za mu ba ku yau na wani ƙaramin jirgin yaƙi ne mai rakiyar irin wannan ayari, wanda aka raɗa wa sunan mutanen ƙasar goro, watau Asante, waɗanda Hausawan dā ke kira Tonawa.

Abin Da Ya Sa Ake Ayari

Ingila tsibiri ce, abin da take nomawa kuwa ba ya ci da mutanenta. Abinci, da mai, da ƙarfe, duk ta ruwa suke zuwa mata. Da Jafan ta ci Malaya a farkon 1942, sai idon Ingila ya koma kan Afirka ta Yamma. Gyaɗa da auduga da fatun lardin Sakkwato a kan kai su Gusau ko Ƙauran Namoda, jirgin ƙasa ya sauke su Ikko, jiragen ruwa su kwashe su taru a Firitawun ta Saliyo, daga can su tashi a ayari zuwa Ingila. Haka kuma samarinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka tafi yaƙin Bama a 1943 da 1944, a ayari suka haye teku.

'Yan fashin wannan hanya su ne jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da Italiya. Irin wannan jirgi ya kan nutse ya laɓe, in ya hangi jirgin kaya ya sakar masa topido, watau wani dogon bom mai inji a gindi, wanda ke gudu a cikin ruwa da kansa har ya je ya fasa cikin jirgi. Maganinsa shi ne jirgin da Turawa ke kira distiroya. Siriri ne, ga gudu, ga saurin juyawa. Yana da wata na'ura mai aika sauti cikin ruwa, in sautin ya bugi ƙarfe sai amsa-kuwwa ta komo, a san inda maƙiyi ya ɓuya, a bi ta kansa a zuba masa bama-bamai masu kama da ganga, waɗanda ba su fashewa sai sun kai zurfin da aka auna musu. Jiragen kaya su kan jeru sahu sahu a tsakiya, masu rakiya na kewaya su dare da rana, kamar kare da garken tumaki.

Ƙararrawar Azurfa Da Garkuwar Zinariya

An ƙera Ashanti a garin Dambaton na ƙasar Sikotilan. Aka tura shi ruwa ran 5 ga Nuwamba 1937, aka gama shi cikin Disamba 1938, shekarar da aka naɗa marigayi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Tsawonsa ƙafa 377, gudunsa ya ɗara mil 40 a sa'a, manyan bindigoginsa takwas, mutanen cikinsa wajen 190. Su 16 ne aka ƙera wa Ingila iri ɗaya, kowanne da sunan wata ƙabila da ta yi suna wajen yaƙi, kamar su Zulu, da Somali, da Nubiya.

Cikin Fabrairu 1939 Ashanti ya kai ziyara Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Sarkin Asante, Prempeh na Biyu, ya ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya. Wata bakwai ba su cika ba yaƙi ya tashi. Ya yi aiki a gaɓar Nowe a 1940. Cikin Oktoban shekarar nan ya hau kan duwatsu da dare a gaɓar Ingila ta gabas, ya yi ta'adi ƙwarai, har gyaransa ya ci watanni da yawa. Amma babban aikinsa yana gaba, a shekarar 1942.

Ran Da Nijeriya Ta Miƙa Wa Ashanti Tuta

A tsakiyar Bahar Rum akwai wani ɗan tsibiri, Malta, tsakanin Italiya da Tarabulus. Daga nan Ingilishi ke tare jiragen da ke kai wa Janar Romel mai da makamai a hamadar Libiya. Saboda haka Jamus da Italiya suka yi masa zobe, suna ta ruwan bom, har abinci da mai suka kusa ƙarewa. In Malta ta faɗi, hanyar Masar ta buɗe.

Sai Ingila ta haɗa jiragen kaya 14, ta sa musu rakiya mai yawan gaske, suka shige mashigin Jibralta daren 10 ga Agusta 1942. Madugun da aka ɗora wa kai su har ƙofar Malta shi ne Adimiral Harold Burrough, jirgin da ya kafa tutarsa a kai kuwa shi ne Nijeriya, wani babban jirgin yaƙi da aka raɗa wa sunan ƙasarmu. Ashanti na cikin ƙananan da ke biye da shi, kyaftin ɗinsa Richard Onslow.

Ran 11 ga wata aka nutsar da Eagle, mai ɗaukar jiragen sama. Ran 12, wajen magariba, daidai inda teku ta tsuke tsakanin Tunisiya da Sisili, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya saki topido huɗu a lokaci guda, ya sami jirage uku: Nijeriya, da Cairo, da Ohio mai dakon mai. Mutum 52 suka rasu a cikin Nijeriya, ruwa ya shiga cikinsa ya karkace, tilas ya juya zuwa Jibralta. Cairo kam bai tashi ba. Abin da ya ƙara muni, waɗannan biyu ne kaɗai ke da kayan yi wa jiragen sama na Ingila jagora ta rediyo. Ga duhu na shigowa, ga sahu ya watse, ga jiragen saman maƙiya sun sauko.

Madugu bai bi jirginsa ya koma ba. Ya sauka daga Nijeriya ya hau Ashanti, ya kafa tutarsa a can. Daga wannan sa'a ƙaramin jirgin nan ya zama shi ne gaban ayari. Daren nan ƙananan kwale-kwale masu inji suka yi ta fitowa daga gaɓar Tunisiya suna harbi, suka halaka jiragen kaya da dama, har da babban jirgin yaƙi Manchester. Gari na wayewa aka tattara waɗanda suka saura, jiragen sama suka sāke afko musu, masu rakiya suna ta mai da wuta. Uku suka shiga Malta ran 13, ɗaya ran 14. Ohio kuwa, da injinsa ya mutu, ruwa ya kusa shanye shi, sai jiragen rakiya biyu suka rungume shi dama da hagun kamar yadda a kan tallabi majinyaci, suka shigar da shi ran 15 ga Agusta da wajen tan 10,000 na mai.

Cikin 14, biyar suka isa. Mai lissafi da alƙalami zai ce an yi hasara, gaskiya kuwa an yi. Amma biyar ɗin nan su suka rayar da Malta, ta koma tare wa Romel hanya, har aka karya shi a El Alamein cikin Oktoba da Nuwamba na shekarar.

Jan Ɗan'uwa A Tekun Ƙanƙara

Ba a bar Ashanti ya huta ba. Cikin Satumba sai ga shi can ƙuryar arewacin duniya, kan hanyar kai wa Rasha makamai. Tekun nan, hunturunmu wasa ne a kanta. Da rani rana ba ta faɗuwa, balle a sami duhun ɓuya, da sanyi kuma ba ta fitowa, ruwan da ya fantsamo bisa jirgi ya daskare sai an sare shi da gatari. Wanda ya faɗa ciki, 'yan mintoci ne nasa. Ayarin da suka raka jiragen kaya 40 ne, 13 suka nutse, saura suka isa.

A kan hanyar komowa, ran 20 ga Satumba, topido ya sami Somali, ɗan'uwan Ashanti, a ɗakin inji. Aka kwashe yawancin mutanensa, aka bar waɗansu su kula da shi. Ashanti ya ɗaura masa igiyar ƙarfe, ya kuma miƙa masa wayar lantarki don famfunansa su riƙa kwashe ruwa, ya shiga jansa sannu sannu, alhali ya san mai jan wani ba ya iya kauce wa harbi. Kwana huɗu suna haka, sun ci fiye da mil 400. Daren 24 ga wata guguwa ta taso, Somali ya karye biyu ya nutse. Mutum 35 kaɗai aka tsamo da rai. Ɗan Adam nasa ƙoƙari ne, hukunci na Allah.

Ƙarshen Aiki

Cikin Nuwamba 1942 Ashanti ya raka rundunar da ta sauka Afirka ta Arewa. A 1944 aka mai da shi mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, inda ran 9 ga Yuni shi da 'yan'uwansa suka tare jiragen Jamus da suka nufi sojan da suka sauka Nomandi, suka hallaka biyu. Da yaƙi ya ƙare, cikin 16 ɗin nan huɗu suka saura, Ashanti na cikinsu. Ya tsufa, ya gaji, aka wargaza shi a 1949. Aka kuma ba wani sabon jirgi sunan a 1959. Nijeriya kuwa an gyara shi a Amurka ya koma fagen fama, bayan yaƙi Indiya ta saye shi ta sa masa suna Mysore.

Malamai masu koyar da tarihin wannan yaƙi, in kun zo kan manyan janarori da manyan fagage, ku ɗan tsaya kan mai rakiya. Ba a auna shi da yawan maƙiyan da ya kashe, sai da yawan kayan da suka isa masauki. In ya yi aikinsa daidai ba mai jin labarinsa, don kuwa ba abin da ya faru. Sai ran da babba ya faɗi a kan waiwaya a ga ko na bayansa ya iya riƙon tuta. Fataken dā sun san haka, shi ya sa ba su yabon madugu a bakin Kwara, sai ran da aka kwance goro a kasuwar gida.