Idan bango ya juya baibai a cikin kwamfuta

Motar da ke sheƙa gudu a wasan kwamfuta ɓawo ce kawai, cikinta fayau. An haɗa ɓawon da dubban ƙananan fuskoki masu siffar alwatika, kowace da gabanta da bayanta.

Da lissafi kwamfuta ke bambance su. Tana bin kusurwoyi ukun nan bisa jerin da aka rubuta su. A tsarin OpenGL, idan jerin ya zaga saɓanin hannun agogo, gaba ke nan. In ya bi agogo, baya ne. Daga jerin ake fitar da wata kibiya da ke tsaye cak a kan fuskar tana nuna waje, kuma da ita ake lissafin haske da inuwa.

Don rage wa na'ura aiki, injinan wasa irin su Unity da Unreal ba sa zana fuskar da ta ba mai kallo baya. Nan matsalar take. Mai zane ya gama gina gida a manhajar Blender, komai daidai, yana kai shi Unity sai bango guda ya yi ɓatan dabo, ana hango cikin ɗaki daga titi. Bangon yana nan, baibai aka sa shi, kamar riga. Galibi hakan na faruwa ne idan an kifa siffa daga dama zuwa hagu da awon -1, domin jerin kusurwoyin ma juyawa yake yi.

Gyaran ba wuya. Blender na iya shafa wa duk fuskar da ta juya jan launi. Shift da N na mayar da dukkansu su fuskanci waje, Alt da N kuma na buɗe zaɓin juya waɗanda aka ware kaɗai. A ƙarƙashi, jerin 1, 2, 3 ne ke komawa 1, 3, 2.

Masu buga kaya da firintar 3D sun fi kowa kula, domin fayil ɗin STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, da alkiblar fuskokin yake nuna inda tudu yake da inda rami yake.

Wani lokacin da gangan ake juyawa. Sararin samaniyar wasanni da yawa ƙatuwar ƙwallo ce da aka juya fuskokinta ciki, ɗan wasa na tsakiya. Akwai kuma siffar da gyara ba ya kamawa: zoben da masanin lissafi ɗan Jamus, August Möbius, ya bayyana a 1858. Gefe ɗaya tak gare shi, don haka duk yadda aka jera fuskokinsa, sai an sami inda biyu suka saɓa.