Facin Keke da Zaɓen Tub

Da yawa cikinmu a keke muke zuwa makaranta, kuma kowa ya san baƙin cikin fitowa da safe ka tarar taya a ƙasa. Ga makara, ga kuɗin mai faci, ga faɗan malam.

Sau da yawa facin da muke yi rashin iska ne ke kawo shi. In taya ta yi laushi, ka goya ƙanenka, ka faɗa rami, sai ƙarfen wili ya matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. In ka ga irin wannan huda kar ka zargi ƙaya, famfo ne ba ka yi ba. Kullum kafin ka hau, danna tayar da babban yatsa. In ta lotsa, ƙara mata iska. Kuma kar a bar keke a tsakar rana lokacin bazara, zafi na ɗaga tsohon faci.

Sai ƙaya, musamman tsaida da ta aduwa. Nan ne mutane ke yin kuskure: a liƙe tub, a mayar, gobe kuma taya ta sace. Dalili, ƙayar tana nan maƙale a taya. Don haka in ka fitar da tub, zagaya da yatsa a hankali cikin taya har ka ji ta, ka cire. Duba kuma robar da ke rufe kan wayoyin wili, in ta tsinke su ma suna huda.

Yadda ake facin: buɗe taya da bayan cokali, ba da sukuddireba ba, don yana ƙara wata huda. Hura tub, tsoma shi a ruwan roba, inda kumfa ke tashi nan ne. Share ruwan, kankare wurin da samfefa, shafa sholisho kaɗan. To, a nan ake son haƙuri. Bari ya sha iska kamar minti 5, har ya daina ƙyalli, sannan ka ɗora faci ka danna sosai. Ni kaina na sha liƙawa da ɗanyen sholisho don sauri, ban kai ko bakin kasuwa ba ya ɗaye.

In faci ya yi yawa, ko huda ta zo gindin bawul, sai sabon tub. Kar ka ce wa mai shago "ba ni na keke" kawai. Lambar na rubuce a gefen tayarka, kwafe ta ka je da ita. Babban keke irin na iyayenmu yawanci 28 x 1 1/2 ne. Mai giya da faffaɗar taya sau da yawa 26 x 1.95. Akwai kuma 26 x 1 3/8, wanda duk da 26 ne, faɗin wilinsa ya fi na wancan, ba sa musanya. Ƙaramin tub a babbar taya yana miƙewa ya yi siriri, babba kuma a ƙarama yana naɗewa ya tsage.

Duba bawul ma. Akwai mai kauri irin na babur, akwai siriri, akwai na da mai ƴar roba a ciki. Sayi wanda ke shiga ramin wilinka, kuma famfon gidanku ke kamawa. Kafin ka sa shi, hura masa iska ƴar kaɗan don kar taya ta cije shi.