Ciwon Ɓarin Kai A Lab: Kada Madubi Ya Kore Ka Daga Karatu

Duk ɗalibin da ya taɓa shafe awa uku a lab, ido a kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya san yadda ake fitowa: ido ya yi ja, wuya ya sage. Wasu da sun ɗan huta, shi ke nan. Wasu kuwa ɓarin kansu ne zai kama bugawa kamar ana daka a turmi, zuciya na tashi, hasken waya ma ya gagare su kallo. Wannan shi ne ciwon ɓarin kai, wanda kan ɗauki awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Ya fi kama mata, kuma galibi a shekarun balaga yake farawa.

Ga 'yan Yauri, Ngaski da Shanga masu karatun kimiyya da na lafiya a Jega, Aliero ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, maganar ta wuce ta cin jarrabawa. Garuruwan bakin tafkin Kainji na fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, kuma da wannan madubi ake gano su: ƙwayar zazzaɓi a ɗigon jini, ƙwan tsargiya a fitsari. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, sai an duba aƙalla wurare 100 a kan gilashin jini kafin a ce babu zazzaɓi. Aikin ido ne zalla, kuma gida na jiran masu yin sa. In ciwon kai ya sa ɗalibi ɗaya ya bar kwas, asarar ta kowa ce.

To, madubin ne ke da laifi? Gaskiya ba shi ke haifar da ciwon ba, tsokano shi yake ga wanda yake da shi a jiki. Kuma yawanci taron dangi ake yi maka: fitila mai ƙarfi cikin ido, sunkuyar da wuya, warin sinadarai irin su fomalin, yunwa, ƙishirwar zafin Maris da Afrilu, ga kwana a TikTok.

Fara da gyaran madubin. In mai ido biyu ne, matsa bakunan lekawar har da'ira biyu su zama ɗaya. Daidaita hoton da idon dama, sannan ka murɗa zoben bakin hagu har idon hagu ya gani tar. Saitin wanda ya riga ka zama ba naka ba ne. In mai ido ɗaya ne, bar idanu biyu a buɗe, kana musaya tsakaninsu. Runtse ɗaya gajiya yake ƙarawa. Rage fitilar zuwa iya abin da za ka gani, ka gyara kujera yadda bayanka zai miƙe.

Bayan kowane minti 20, ɗaga kai ka kalli abin da ke nesa kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Tunda an hana ci da sha a lab, ka karya kumallo ka sha ruwa kafin ka shiga. In azumi kake, kada ka yi wasa da sahur. Buɗe shafi a wayarka kana rubuta ranar da ciwon ya zo, abin da ka ci da awannin barcinka. Bayan wata guda za ka ga abin da ya fi tayar maka da shi.

In ya fara, sha maganin da likita ya ba ka da wuri, ka kwanta a ɗaki mai duhu, ka ɗora tsumma mai sanyi a goshi. Amma a kula: shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai. Tiramadol da kodin kuwa, don Allah kada ma ka fara. In ciwon ya yawaita, je a gwada idonka, wataƙila tabarau kake buƙata.

Akwai kuma ciwon kan da ba a jira da shi. In ya zo farat ɗaya da zafin da ba ka taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, sai Babban Asibitin Yauri ko asibiti mafi kusa nan take. Kebbi na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla a lokacin zafi.

Kada kunya ta hana ka gaya wa malamin lab. Ciwo ne, ba lalaci ba. Same shi tun kafin a fara darasi, ka nemi izinin ɗan fita shan iska a tsakiyar aiki, ka kuma zauna kusa da taga.