Wa ya riƙe fayil ɗin? Yadda ake gano manhajar da ta hana kwamfuta sakin aiki

Duk mai shagon buga takardu a Babura ya san wannan cikas. Ɗalibi zai kawo aikinsa a filashi, a gama bugawa, a zo cirewa sai kwamfuta ta ce ana amfani da shi. Wani lokacin fayil za a goge ko a sauya masa suna, ta ce a buɗe yake a wata manhaja, alhali babu komai a allo. Nan take sai a ce bairos ne, a fizge filashin, wasu ma har su goge shi ɗungurungum. A yankin da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, wannan garaje yana iya cinye wa ɗalibi aikin wata guda.

Galibi ba bairos ba ne. Duk manhajar da ta buɗe fayil, Windows tana ba ta lamba ta rubuta ta ajiye, kamar yadda mai ajiyar kaya a tasha yake rubuta sunan wanda ya karɓi kaya. Manhajar tana iya neman kada a taɓa fayil ɗin sai ta gama, domin idan biyu suka yi rubutu a wuri ɗaya lokaci guda, lalacewa zai yi. Sai dai rufe taga ba kullum yake kashe manhaja ba. Word yakan maƙale a ɓoye, manhajar kariya takan tsaya binciken filashi, OneDrive kuma yakan riƙe fayil yana tura shi intanet.

Tun da a rubuce abin yake, ana iya dubawa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta resmon. Shiga sashen CPU, ka nemi akwatin bincike da ke layin Associated Handles, ka sa sunan fayil ɗin. Idan ka ga winword.exe, Word ne bai saki ba. Koma gare shi, ka adana aikinka, ka rufe shi yadda ya kamata. Kashe manhaja da ƙarfi shi ne mataki na ƙarshe, domin abin da ba ta adana ba ya tafi ke nan. Sunan da ba ka sani ba, irin su svchost.exe, kada ka taɓa. Gara ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.

Masu gyara sun fi son Process Explorer, wanda Mark Russinovich ya rubuta, ya kuma koma hannun Microsoft a 2006. A 2022 kamfanin ya ƙara File Locksmith cikin tarin manhajojinsa na PowerToys, wanda da shi dannawar dama a kan fayil ta wadatar. Masu Linux kuwa suna da umarnin lsof da fuser. Duka kyauta ne.

Saboda haka masu shaguna su koya wa yaransu wannan dubawa, ɗalibai kuma su riƙa ajiye kwafin aikinsu a wuri biyu kafin su miƙa filashi.